Hoton Ummu Gassan a Gidan Caca

Tukunyar gas ce ta fara shiga shagon Samih, ta gilashi ba ta ƙofa ba. Ƙarar ta tayar da tantabarun layin gaba ɗaya, ta kuma sa Ummu Gassan ta bar naman kubba, abincinsu na dakakken nama da alkama, a turmi, ta fito baranda hannu duk albasa. Ita ba a ba ta labarin faɗa matuƙar idonta na gani. Ta jawo kujera ta zauna kusa da kwandonta mai igiya, wanda take zura wa mai burodi daga hawa na biyu.

"Ummu Talal!" ta ƙwala wa maƙwabciyarta ta barandar da ke kallon tata. "Fito, yau ba sai kin kunna talabijin ba."

Ummu Talal ta leƙo, ɗankwali a karkace. "Wa ya mutu?"

"Ba a kai ga mutuwa ba tukuna. Damisa ce ta cinye su."

Damisa gidan caca ne na cikin waya. Sunansa na ainihi ya fi ƙarfin harshen mutanen layin mahauta na Tarabulus ɗin Labanan, sai aka bi hoton damisar da ke goshinsa. Ba shi da gini, ba shi da maigadi, babu ma wanda ya san ƙasar da yake. Samih mai gyaran waya shi ne ƙofarsa. Ka miƙa masa dala ta takarda, ya mayar da ita kirifto, wato dalar cikin waya, ya zuba maka. In ka ci, kafin ka shanye kofin gahawa ya damƙa maka naka a hannu.

To wannan saurin biya shi ya kashe mutane. Ku sani a ƙasar bankuna sun riƙe wa jama'a kuɗinsu, mijin Ummu Gassan ma a layin banki ya yanke jiki ya faɗi, da takardar lamba a hannunsa. Sai ga gidan caca bai taɓa cewa kowa "dawo gobe" ba. Tun ana zuba na wasa har aka koma ajiye na haya da na makarantar yara a ciki, wai ya fi banki amana. An ce damisa ƙi sabo, amma mazan layin nan sun saba da ita har suna kwana da ita a ƙarƙashin matashi.

Da safiyar nan kowa ya buɗe wayarsa ya ga sifili. Sai wata 'yar sanarwa, wai masu kutse sun shiga ma'ajiyar kamfanin sun yashe ta, a yi haƙuri. Haƙuri! Kamfanin da ba shi da kunci ina za ka mare shi? Amma Samih yana da kunci, har biyu.

"Ku fito min da kuɗina, ɗan ɓarauniya!" in ji Talal direban tasi, ɗan Ummu Talal, yana dukan kanta da ƙarfen canjin taya.

"Wallahi nawa ma suna ciki!" Samih yana ihu daga bayan kanta, ya kare kansa da murfin kwamfuta. "Ni dillali ne, ya Talal, ba ni na gina ta ba!"

"Ɗanki ya iya duka," Ummu Gassan ta ce, tana ɓare ƙwayar kabewa. "Da haka yake zuwa aiki da tuni kun sayi firji."

"Bashi ya ba Samih," in ji Ummu Talal da sauri. "Talal ba ya caca."

"Haka ne. Kyanwa ma ba ta shan madara, leƙawa kawai take yi."

Duk da haka idonta na kan Samih. Uwarsa ta rasu da jego, ita ta shayar da shi tare da Gassan ɗinta, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Amma gilashi ne kawai, a ranta take cewa, gilashi da ɗan mari. Ta sha gaya masa ya bar harkar nan. Kuma ga Gassan can a ƙofar shagon namansa, ya naɗe hannu, ƙato kamar ƙofar masallaci. Ba zai bari a wuce gona da iri a kan ɗan'uwansa na nono ba. Sau biyu ma ya tsallako ya janye masu neman shiga bayan kanta, yana cewa, "Ya isa, maza, ya isa."

Da faɗan ya tsaya nan, da labarin bai kai a ba da shi ba.

Dab da azahar wayoyin layin suka ɗauki ƙara lokaci ɗaya, kamar kaji sun ga shaho. Ashe masu kutsen sun nemi kamfanin ya biya su fansa, kamfanin ya ƙi, su kuma suka zazzage hotunan masu cacar suka watsa wa duniya. Damisa ba ta buɗe wa mutum asusu sai ya tura hotonsa riƙe da katin shaida a gefen fuska. Wani ɗan albarka ya zauna ya tsince na matan unguwar ya tura a zauren hirarsu na cikin waya.

Ummu Talal ce ta fara fashewa da dariya. "Ummu Gassan! Duba! Hajiya Samiha mai koyar da tajwidi!"

Ummu Gassan ta ɗora tabarau ta duba tata wayar. Hajiya Samiha ce kuwa, da farin mayafi, ta riƙe kati kamar an kama ta da satar kaza. Ta gaba uwar mai janareton unguwa ce. Ta gaba wata tsohuwa da ta shekara ba ta sauka daga gado ba. Babu namiji ko ɗaya.

"La haula," in ji ta, tana share hawayen dariya. "Ashe mu ne 'yan cacar garin. Jira, wannan mai kumburarren hancin ba ke ba ce?"

Dariyar Ummu Talal ta ɗauke.

Ummu Gassan ta ja yatsa don ta ga ta gaba, sai ta yi arba da labulen kicin ɗinta. Ga ta nan, baki a rufe gam don ranar ba ta sa haƙoran roba ba, kati a manne da kunci. A ƙasa an rubuta Nazmiyya, sunan da tun rasuwar mijinta ba wanda ya kira ta da shi, da wata tauraruwa ta zinariya wadda ake ba manyan 'yan wasa. Sauran matan ba su da tauraruwa.

Ba ta sha wahalar tunawa ba. Gassan ne ya hawo wata rana da yamma da tsiren hanta a takarda, ya ce wata ƙungiya na raba maganin sukari kyauta, hoto kawai suke so. "Matso da katin, Umma. Juya kai hagu. Ƙifta ido." Har da ƙifta ido. Bayan mako ya kawo mata kwalin magani ɗaya, daga nan ƙungiyar ta bi iska.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Damisa tana ba sabon shiga kyautar kuɗi, sau ɗaya tak. Namiji ya cinye tasa, sai ya waiwayi katin uwarsa. Kuma suna ne da ba zai kai kunnen matarsa ko surukansa ba. Tsohuwa me ta sani? A ce mata tallafi, ta gyara ɗankwali.

A ƙasa kuwa, maza kowa ya duƙa kan wayarsa yana kallon fuskar da ta haife shi. Sai muryar Gassan ta tashi, irin wadda yake tsawata wa sa da ita.

"Ɓarawon hoto! Wayoyin iyayenmu da muke kawo masa gyara, ashe hotunansu yake kwashewa!"

Kai, ba ku ga yadda maza suka cafke maganar nan ba, kamar mai nutsewa ya samu igiya. Kowannensu ya san wanda ya ɗauki hoton uwarsa. Kowannensu kuma ya san Samih ya sani, don a gabansa ake turawa.

Samih ya miƙe daga bayan kanta, goshinsa na jini. "Abu Nazih," ya kira Gassan da alkunyarsa, "ka ji tsoron Allah, kai ne fa ka…"

Ƙarfen Talal ya same shi a baki. Ummu Gassan daga sama ta ji ƙarar, kamar an taka busasshen burodi. Samih ya tofar da haƙora a kan fasasshen gilashi, ya sake buɗe baki, wani ya rufe masa shi da gwiwa. Suka fizgo shi waje ta ƙafa, kansa na bugun dakali. Duk sanda ya yi yunƙurin magana sai a sake dukan bakin. Ba ciki suke duka ba, ba baya ba, bakin kawai.

"Ku kawo min shi," in ji Gassan. "Hannun da ya saci fuskar uwata nake so."

Suka ja shi zuwa kututturen da Gassan ke sara ƙashi a kai.

Ummu Gassan ba ta san sanda ta ɗauki taɓaryar kubba ba. Ta kama matakala, gwiwoyinta na kuka, hannu ɗaya a bango. A tsakiyar matakalar ta tsaya. In ta fita ta ce ɗana ne, Ruwaida matarsa za ta ji daga taga. 'Yan'uwan Ruwaida su suka kafa masa shagon, kuma ba su da wasa, kafin magariba sun kwashe 'yar'uwarsu da yara, sun sa wa shago kwaɗo, in ma sun bar shi da ƙafafunsa. In ta yi shiru kuwa, ga wanda ya sha nononta na hagu a kan kututture. Ta tsaya tana lissafi, tana cewa ai barazana ce, Gassan ba zai yi ba, tare suka yi rarrafe.

Sai ta ji ƙarar da ta sani tun tana amarya, ta adda a kan itace. Ihun da ya biyo baya ba irin na mutum ba ne.

Sauran matakalar ba ta san yadda ta sauke su ba.

Maza uku sun danne Samih. Hannunsa na dama na kan kututturen, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna gefe guda, kusa da ƙashin haƙarƙarin rago. Jini na bin tsagin itacen yana ɗiga a takalmin Talal. Gassan ya sake ɗaga addar, fuskarsa jiƙe, ko gumi ko hawaye, Allah masani.

Ta maka masa taɓarya a gwiwar hannu. Addar ta faɗi ƙasa.

"Umma, koma sama," ya ce, bai iya kallonta ba. "Mutuncinki nake karewa."

"Wa ya aike ka?"

"Hajiya, ki matsa," in ji Talal. "Wannan karen ya zubar muku da mutunci a idon duniya."

Ta juya ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Duk ta san ranar sunansu, wasu ma ita ta yi musu wankan farko. Ta gyara haƙoranta da harshe, ta ɗaga murya yadda har hawa na huɗu za a ji.

"Ba wanda ya saci hotona. Ni na ɗauka, ni na kai masa. Ni nake caca."

Wani daga baya ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye ta.

"Umma," in ji Gassan a hankali.

"Rufe min baki. Da kuɗin ubanka na yi?"

"Haba Hajiya," in ji mai janareto, "ke da ko lambar waya sai an danna miki?"

"Kai dai da ka iya dannawa me ka tsira da shi?" Ta nuna shi da taɓarya. "Wasan jirgi nake yi. Jirgi ya tashi, kuɗi na hawa, ka cire kafin ya fashe. Ni a biyu da rabi nake cirewa, ba irinku masu haɗama ba da ke jira sai ya kai goma, ya tarwatse, ku hau zage-zage ku ce intanet ce ta yanke. Ko ƙarya nake, Talal? Ba kai ne ranar Juma'a ka jefar da kofi ba?"

Sun manta cewa teburan shagon gahawa a ƙarƙashin barandarta suke ba, kuma mai kallo daga sama fuskar waya yake gani, ba ta mutum ba. Ta daɗe tana kallon jirgin nan yana fashewa a hannun kowa.

"Kun ga tauraruwar da ke ƙasan sunana? Wa ke da ita a cikinku? To in mutuncina ne ya zube, ni na zubar da abina, ba na neman mahauci ya kwashe min."

Ta ɗaga kai sama. Barandu sun cika da tsofaffi, kowacce da waya a hannu, kowacce kuma ta riga ta tuna maganin sukari, ko katin abinci, ko tallafin zawarawa da aka ɗauke ta hoto dominsa.

"Ummu Talal! Za ki bar ni ni kaɗai? Ba tare muke yi ba?"

Ummu Talal ta dubi ɗanta, da ƙarfe a hannu da jini a takalmi. Matar nan shekara da shekaru tana cewa gidansu ko ludo ba a bugawa.

"Tare muke yi," ta ce da ƙyar. Sai kuma ta ƙara, don ba ta iya bari a fi ta, "Ni na koya mata ma."

"Ni ma ni na kai nawa," wata ta ce daga sama. Wata ta amsa daga can ƙarshen layi. Hajiya Samiha mai tajwidi kuwa ta fito ta tsaya a barandarta, ta kafe ɗanta da ido har ya saki ƙafar Samih.

Shi ke nan, an ɗaure maza. Wanda zai ci gaba da duka sai ya ƙaryata uwarsa a bainar jama'a, wanda zai ƙaryata ta kuma sai ya faɗi yadda aka yi ya sani. Suka fara ja da baya, kowa na neman abin yi da hannunsa.

Ummu Gassan ta cire ɗankwalinta, abin da ba a taɓa gani ba a layin, ta ɗaure hannun Samih tam. Ta shiga shagon ɗanta ta ɗebo ƙanƙara daga firjin nama, ta tsince yatsun biyu da hannunta ta sa a leda.

"Talal, juyo da motar. Kai ka fasa bakin, kai za ka kai shi."

Suka sa shi a kujerar baya. Fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya shige. Ya riƙo rigarta da hannun da ya rage.

"Umma," ya ce, jini na kumfa a bakinsa, "kin san…"

"Na sani. Yi shiru ka adana sauran haƙoran."

Ta bi su asibiti da kai a buɗe. Likita ya ce ɗaya yatsan zai gwada ɗinkewa, ƙaramin kam ya tafi. Da aka tambayi abin da ya faru, Talal ya ce gilashi ne. Samih ya dubi rufin ɗaki, ya gyaɗa kai.

Da la'asar sakaliya ta dawo. An wanke kututturen, an share gilashin, sai ƙudaje ke bin tsagin dakali. Tana wucewa wata yarinya ta raɗa wa 'yar'uwarta, "Ga Hajiya Damisa." Ta ji, ba ta waiga ba. Ta san sunan ya zauna ke nan, har a ranar da za a ɗauki gawarta. Ta san kuma karatun Hajiya Samiha na ranar Litinin ba zai ƙara yi mata daɗin zama ba. Ta hau sama ta sa sakata.

Naman kubba ya bushe a turmi, ya yi baƙi. Ta kwashe ta zuba wa kyanwa.

An ƙwanƙwasa, an sake ƙwanƙwasawa. Ba ta buɗe ba. Can sai ta ji shi a ƙasan baranda.

"Umma. Umma, don Allah."

Ta leƙa. Gassan ne tsaye a titi, hannun da ta maka ya kumbura, ya rungume shi a ƙirji. Ƙaton nan ya koma kamar wanda aka kora daga makaranta. Ruwaida na tagarsu tana kallonsa da tausayi, mijin da ya kusa kashe mutum saboda uwarsa.

Ummu Gassan ta ɗauko kwandonta mai igiya. Ta zura kwandon a hankali har ya tsaya daidai ƙirjinsa.

"Me zan sa?" ya tambaya.

Ta nuna aljihunsa da yatsa. Ya duba hagu, ya duba dama, ya zaro wayarsa ya saka. Ta janye igiyar.

Ta jawo turmin dutsen zuwa bakin baranda, ta kwantar da wayar a ciki. Ta ɗaga taɓarya ke nan fuskar wayar ta yi haske, damisar nan ta fito tana murmushi. Ta sa tabarau ta bi rubutun da yatsa, harafi harafi, yadda ta iya. Wai ranki ya daɗe Nazmiyya, an toshe ɓarakar, gida ya sake buɗewa da tsaro mai ƙarfi, kuma saboda ke babbar baƙuwa ce, duk abin da kika zuba yau za a ninka miki.

Ta leƙa ƙasa. A teburan shagon gahawa kawuna sun riga sun duƙa. Mai janareto ya kare wayarsa da tafin hannu, amma daga sama tana ganin ɗan jirgin yana hawa. Wani yana tambayar na kusa da shi, ƙasa ƙasa, ko akwai wani dillalin a layin masu sabulu, tunda Samih ba zai buɗe ba kwana kusa.

Gassan ma ya ji ƙarar saƙon. Ya ɗaga kai, ya lashi leɓe.

"Umma, kamar wani saƙo ya shigo ko?"

"Ya shigo," ta ce. "Ba naka ba ne. Da sunana ya zo."

Ta sauke taɓaryar a kan wayar.